SANDAR GOGEN DA TA FI GIDA TSADA

'Yan uwana mata, duk wadda ta taɓa ganin mai goge a wurin biki ta san hannunsa na dama yana riƙe da 'yar sanda mai gashin wutsiyar doki, wato izga. Mu dai ƙoƙon gogen muke kallo, alhali ba don izgar nan ba, da goge bai ce uffan ba.

Turawa ma suna da nasu gogen. A da izgarsu lanƙwashe take kamar bakan maharbi, sai wani mutumin Faransa, François Tourte, ya daidaita ta a birnin Paris wajen shekarar 1785. Asalinsa gyaran agogo ya koya, shi ya sa hannunsa ya saba da aiki mai ƙanƙanta. An ce ko karatu da rubutu bai iya ba. Yakan gasa sandar a wuta ya lanƙwasa ta ciki, ya sa zoben azurfa ya baje gashin dokin ya kwanta sumul. Nauyinta duka kamar giram 60 ne. Ya rasu a 1835, amma har yau tsarinsa ake bi.

Itacen ma da labarinsa. Sunansa fanambuko, daga Burazil ake kawo shi, kuma ba don kiɗa ba, marina ne ke dafa shi su sami jan rini. Kin ji, kayan marina ya koma kayan alfarma! Sunan ƙasar ma daga itacen nan aka samo shi. An yi ta sara har ya kusa ƙarewa, sai a 2007 aka sa wa cinikinsa takunkumi tsakanin ƙasashe.

To, me ya sa ake rububin tsofaffin? Makaɗa sun ce suna bin hannu kamar sun san abin da ke ran mutum, kuma amon da suke fitarwa daban ne. Ga adon zinare ko azurfa, ga shi mai yinsu ya tafi, ba za a ƙara ko ɗaya ba. A 2017, a garin Vichy na Faransa, an yi gwanjon izgar Tourte guda ɗaya a kan Yuro 576,600. Sanda fa, 'yar uwa!

Ni abin da ya tsaya min a rai, shekara ɗari biyu sandar nan tana yawo hannu zuwa hannu ba wanda ya karya ta ko ya yar. Mu kuwa tasar tagulla da saƙin da kaka ta bar mana, da dillaliya ta yi sallama sai mu miƙa a ba mu roba. Don Allah kafin ki rabu da kayan gado, ki tambayi manya wa ya yi shi, daga ina ya zo. Da tsohuwar zuma ake magani.