Likita Mila da Makarantar Wusasa

Ilmin boko ya shiga Nijeriya ta hannun 'yan mishan. A Legas, Rabaran Thomas Babington Macaulay ya buɗe makarantar sakandare ta ƙungiyar mishan ta CMS tun 1859. A ƙasar Hausa kuwa wanda ya yi irin wannan yunƙuri shi ne Walter Miller, wanda Zagezagi ke kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya karanta aikin likita, sannan ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa. A 1900 ya biyo tawagar Bishop Tugwell zuwa Kano, Sarki Alu ya sallame su. Daga nan ya yi zama a Girku, a 1905 ya samu shiga birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne siyasar Turawan mulki. Gwamna Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka gwamnati ta ƙi danƙa wa mishan karatun 'ya'yan sarakuna. Ta ba wani Bature da ake kira Ɗan Hausa wannan aiki a Nasarawa ta Kano a 1909, daga baya kuma ta kafa Kwalejin Katsina. Saboda haka ɗaliban Mila suka fito daga gefe: 'ya'yan talakawa, da 'ya'yan Isawa masu girmama Annabi Isa, da yaran da ba su da gata a fada. A 1929 aka mayar da mishan ɗin zuwa Wusasa, bayan ganuwar Zariya.

In an auna aikin Mila da manufarsa ta mayar da Hausawa Kirista, ribar kaɗan ce. In kuwa an auna shi da mutanen da gidan mishan ɗin ya yaye, lissafin ya sauya. Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, kuma jigo a kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ɗan gidan ne. Haka Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon, duk Wusasa ta raine su.

Mila ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, ya rasu a 1952. Tarihinsa ya nuna cewa hana shi 'ya'yan sarauta shi ya buɗe wa waɗanda ba su gaji mulki ba hanyar shiga manyan muƙaman Arewa.