Maƙalar Mako: Yadda Tsoron Yaƙi Ya Haifar da Ƙungiyoyin Koyon Harbi a Birtaniya

A wannan makon za mu leƙa Birtaniya, inda har yau ake samun 'yan sa-kai da ke ba da ranakun hutunsu suna koya wa mutane harbin bindiga a ƙananan ƙungiyoyi, ba tare da albashi ba. Daga ina wannan al'ada ta samo asali?

Tsoro ne ya haife ta. A 1858 wani ɗan Italiya mai suna Orsini ya yi yunƙurin kashe Sarkin Faransa Napoleon na Uku da bama-baman da aka haɗa a Ingila. Dangantaka ta yi tsami, Turawan Ingila suka shiga fargabar mamaya. A watan Mayun 1859 gwamnati ta ba da izinin kafa rundunonin sa-kai, sai akawu da 'yan kasuwa da masu sana'a suka yi ta shiga. Amma riƙe bindiga daban, iya saiti daban. Don haka a ƙarshen shekarar aka kafa ƙungiyar harbi ta ƙasa.

Ranar 2 ga Yulin 1860 aka buɗe gasar farko a filin Wimbledon. Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, inda ta ja igiyar da aka ɗaura wa kunamar bindigar da aka riga aka saita a nisan yadi 400. Wani matashi, Edward Ross, ya lashe kyautarta ta fam 250. A 1890 gasar ta koma Bisley, kuma can take har yau.

Darasi na biyu ya zo daga Afirka ta Kudu. A yaƙin Buwa na 1899 zuwa 1902, manoman da suka taso da farauta sun gasa wa sojojin Birtaniya aya a hannu. A Disambar 1899 sau uku suka ci su da yaƙi cikin mako ɗaya. Firaminista Salisbury ya yi kira da a kafa ƙungiyoyin harbi a ko'ina. A 1901 aka kafa ƙungiyar da ta haɗa kan irin waɗannan ƙungiyoyi na ma'aikata, Lord Roberts ya shugabance ta. Da yake talaka ba shi da kuɗin manyan harsasai ko babban fili, sai aka koma ga ƙaramar bindiga da ake harbawa a nisan yadi 25. Mu marubuta ma muna da namu a ciki: Arthur Conan Doyle ya kafa ƙungiya a kusa da gidansa.

Sai dai tarihin yana da tabo. A 1987 a Hungerford wani mai lasisin bindiga ya kashe mutum 16. A 1996 a Dunblane wani ya kashe yara 16 da malamarsu. Dukansu biyun sun yi mu'amala da ƙungiyoyin harbi. Bayan kowane kisa an tsaurara doka, har a 1997 aka haramta mallakar akasarin ƙananan bindigogin hannu. Yanzu sabon shiga sai ya yi aƙalla wata uku na gwaji a gaban mai sa ido, kuma ana sanar da 'yan sanda sunansa.

Kalmar 'yan sa-kai ba baƙuwa ba ce a kunnuwanmu, mun kuma ga alherinta da sharrinta. Abin da muka tsinta a wannan tarihi shi ne, koya wa mutum saiti aiki ne na 'yan makonni, amma sanin wanda ya cancanci a koya masa ya ɗauki Birtaniya fiye da shekara 130, kuma sai da aka zubar da jinin yara kafin a ƙara gyara.

To, wa ya kamata ya tantance ɗan sa-kai kafin makami ya shiga hannunsa: hukuma, sarakuna, ko mutanen unguwa? Muna jiran ra'ayoyinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.