Kayan Maganaɗisu da Ciwon Baya: A Jikin Mutum da Jikin Doki

Ciwon baya na daga cikin abubuwan da ke kawo manoma asibiti a yankin Ikara, Makarfi da Kudan, musamman masu saran rake da masu ɗaukar kwandunan tumatir. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. Wannan ya sa kasuwar bel, awarwaro da katifa masu maganaɗisu ke ci. Har dawaki ana yi wa bargo mai maganaɗisu, wai don dokin da bayansa ba ya son taɓi. Shin waɗannan kaya suna magani?

Mene ne maganin maganaɗisu?

Ƙananan mayen ƙarfe ne ake ɗinkewa cikin ƙyalle ko roba a ɗora a inda ke ciwo. Masu sayarwa kan ce suna jawo jini zuwa wurin, tunda akwai sinadarin ƙarfe a cikin jini. Da'awar ta daɗe. A ƙarni na 18 wani likita mai suna Franz Mesmer ya yi tashe da irinta a birnin Paris, har Sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike a 1784, kwamitin kuma ya gano cewa tunanin majinyata ne ke aiki.

Me bincike ya nuna?

Ƙarfen da ke cikin jini ba irin na ƙusa ba ne, maganaɗisu ba ya fizgar sa. Na'urar hoton MRI ta ninka mayen ƙarfen bel ƙarfi nesa ba kusa ba, amma mutum na kwanciya a cikinta jininsa bai taru wuri guda ba.

A shekarar 2000 an gwada mutum 20 masu daɗaɗɗen ciwon baya a Amurka, wani lokaci da maganaɗisu na gaske, wani lokaci da na bogi, ba a ga bambanci ba. A 2007 masana a Ingila sun tattara gwaje-gwajen da aka yi, ba su sami hujjar cewa yana rage ciwo ba. Haka abin yake ga dabba. Wani bincike daga ƙasar Suwidin da aka buga a 2015 ya kwatanta bargo mai maganaɗisu da marar shi a kan dawaki, ba a sami bambanci a gudun jini, ɗumin fata ko saƙewar tsoka ba.

Me ya sa wasu ke jin sauƙi?

Bel da bargo suna ɗumama wuri, ɗumi kuwa na sassauta tsoka. Sannan yawancin sabon ciwon baya kan lafa da kansa cikin mako shida. Idan aka ɗaura bel a wannan tsakanin, shi ake yaba wa.

Illolin da za a kiyaye

- Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusantar da maganaɗisu ƙirjinsa, domin yana iya rikita aikinta.
- Idan yaro ya haɗiyi biyu ko fiye, suna iya manne hanji su huda shi. A garzaya asibiti.
- A cire duk wani maganaɗisu kafin shiga ɗakin MRI.
- Babbar illar ita ce ɓata lokaci, ana ɗaure da bel cuta tana ci.

Yaushe za a je asibiti?

A je ba tare da jinkiri ba idan ciwon baya ya zo da:

- zazzaɓi, zufar dare, rama ko ƙusumbi, domin tarin fuka na kama ƙashin baya
- mutuwar ƙafa ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi
- kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin
- faɗowa daga doki, babur ko bishiya
- ciwon sikila ko tarihin cutar daji

A fara da babban asibitin Ikara ko na Makarfi. Idan da buƙata za a tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Idan babu waɗannan alamu, a ci gaba da motsa jiki daidai ƙarfi, a guji doguwar kwanciya, a gasa wurin da ruwan ɗumi. A durƙusa da gwiwa wajen ɗaga kaya. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko juna biyu kada ya sha ibuprofen ko diclofenac sai da shawarar likita.

Ga masu dawaki

Dokin da ke lanƙwasa baya, cizo ko harbi idan za a ɗaura masa sirdi, ciwo yake ji. A duba ko sirdin na matse shi, ko akwai miki a ƙarƙashin shimfiɗa, ko yana ɗingishi, musamman bayan hawan Sallah ko aikin matse rake. A hutar da shi, a gyara sirdin, a kira likitan dabbobi. Jami'ar Ahmadu Bello na da asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya. Kuɗin bargon maganaɗisu gara a kashe su a nan, domin dokin da bayansa ke ciwo shi ke kayar da mahayi.