Hambaga, Sanwicin Kaza da Tukunyar Gida: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan 'yar maƙala wata gardama ce da ta ɓarke a ɗakinmu na kwanan ɗalibai a zangon karatun da ya wuce. Abokaina biyu suka dawo daga cikin gari, kowa riƙe da ƙunshinsa, ɗaya ya sayo hambaga, ɗaya kuma sanwicin kaza. Na farko ya ce naman shanu shi ne nama, na biyu ya ce kaza ta fi amfani a jiki. Ni kuwa ina gefe na ɗora garau-garau a kan risho, sai suka ce in raba musu gardama. A ranar dai ban iya ba. Abin da na lura da shi kurum shi ne, bayan kowa ya lamushe nasa, dukansu biyu sai da suka sa hannu a tukunyata.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Don haka na ga ya kamata in bi sawun waɗannan abinci biyu zuwa inda aka haife su, watau Amurka, in ga yadda aka yi suka bar murhu suka koma kanti. Ga wanda bai saba da su ba, hambaga niƙaƙƙen naman shanu ne da ake mulmulawa a baje shi kamar waina, a gasa, a tsaga burodi a sa a ciki. Sanwicin kaza kuwa tsokar ƙirjin kaza ce marar ƙashi, soyayya, ita ma cikin burodi.

Asalin Hambaga

Sunan ya samo asali ne daga birnin Hambag na ƙasar Jamus, tashar jirgin ruwan da ɗimbin Jamusawa suka bi zuwa Amurka a ƙarni na 19. A wancan zamani abincin talaka ne. Uwargida takan sami nama mai tauri mai araha, ta niƙa shi, ta zuba albasa da gishiri, ta soya wa iyalinta. Daga baya masu tura amalanke a ƙofar masana'antu da wuraren baje koli suka riƙa cusa shi cikin burodi, domin lebura ya ci a tsaye ba tare da faranti ba. Har gobe garuruwa da dama na Amurka suna jayayya a kan wanda ya fara yin haka.

Amma fa mutanen kirki ba su yarda da shi ba. A 1906 wani marubuci mai suna Upton Sinclair ya wallafa littafinsa The Jungle, inda ya tona asirin ƙazantar mayankan birnin Cikago. Hankalin jama'a ya tashi, har aka kafa dokar duba nama a wannan shekara. Aka riƙa zargin niƙaƙƙen nama fiye da kowane iri, don kuwa ba wanda ya san abin da aka haɗa aka niƙa.

Waɗanda suka wanke shi daga zargi su ne Walter Anderson da Billy Ingram, da suka buɗe White Castle a garin Wichita na jihar Kansas a 1921. Suka shafe ginin da farin fenti, suka sa wa ma'aikata fararen tufafi, suka riƙa gasa naman a gaban mai saye, a kan senti 5 kowane ɗaya. Mai karatu zai ga cewa abin da suka fara sayarwa shi ne amana, irin wadda mutum yake da ita ga girkin gidansu.

Mataki na biyu ya zo ne a 1948, a garin San Banadino na jihar Kaliforniya. Wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu na 'yan watanni, suka sake masa fasali. Suka sallami 'yan matan da ke kai abinci bakin mota, suka daina amfani da faranti da cokali, suka rage ire-iren abinci, suka ba kowane ma'aikaci aiki guda tak, tamkar a masana'antar haɗa motoci. Wannan ya gasa, wancan ya shafa, wani ya naɗe a takarda. Kuku gwani ya zama ba dole ba ne, aka sayar da hambaga senti 15. A 1954 wani dillalin injin kaɗa madara mai suna Ray Kroc ya ziyarce su, ya ga layin mutane, ya karɓi izinin yaɗa tsarin. Ya buɗe shagonsa na farko a 1955, sa'an nan a 1961 ya saye kamfanin kacokam a kan dala miliyan 2.7.

Daɗin daɗawa kuma zamani ya taimaka masa. A 1956 gwamnatin Amurka ta fara shimfiɗa manyan hanyoyin da suka haɗa jihohinta, mutane suka koma zama a bayan gari, kowa da motarsa, mata kuma suka ƙara fita aikin albashi. Wanda zai yi tafiya mai nisa tsakanin gida da wurin aiki, yaushe zai dawo cin abincin rana?

Yadda Kaza Ta Shigo Fage

Tarihin kaza ya sha bamban. A farkon ƙarni na 20 kaza abar marmari ce a Amurka, ana kiwonta don ƙwai, ba a yanka ta sai ranar Lahadi ko in an yi baƙo, kamar dai yadda muka sani a ƙauyukanmu. Gwanayen suyarta kuwa su ne baƙaƙen fatar kudancin ƙasar. Bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865, matan da suka fita daga ƙangin bauta a garin Gordonsville na jihar Bajiniya sukan soya kaji a gida, su ɗauko a kan tire bisa kai, su miƙa wa fasinjojin jirgin ƙasa ta taga. Duk wanda ya taɓa bin jirgi daga Kano zuwa Legas ya san irin wannan talla.

Abin da ya sauko da kaza daga abincin biki zuwa na yau da kullum shi ne kiwon zamani. A 1923 wata mata mai suna Cecile Steele a jihar Delawa ta aika a kawo mata 'yan tsaki 50, aka yi kuskure aka kawo 500. Maimakon ta mayar, sai ta kiwata su ta sayar don nama, maƙwabta suka ga riba suka bi sawu. A 1948 aka yi gasar ƙasa ta fito da irin kaza mai faɗin ƙirji da saurin girma. A 1925 kaza takan yi kwana 112 kafin ta kai kilo 1 da 'yar ɗoriya. A yau cikin kwana 47 takan doshi kilo 3.

Da kaza ta yi araha, sai wani mai gidan abinci a jihar Jojiya, Truett Cathy, ya gwada soya tsokar ƙirjinta da man gyaɗa cikin tukunya mai kulle tururi, har ta riƙa nuna cikin 'yan mintoci kamar hambaga. Ya sa ta cikin burodi da yanka biyu na kokwamba mai tsami. A 1967 ya buɗe shagon Chick-fil-A na farko a birnin Atlanta. Bayan haka likitoci suka shiga gargaɗi a kan kitsen jan nama, musamman daga 1977 da wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da shawarwari kan cimaka. Masu hambaga suka ga kasuwa za ta kufce, McDonald's ya fito da nasa sanwicin kaza a 1980. A yau Ba'amurke ya fi cin kaza a kan naman shanu. A watan Agusta na 2019 ma, da kamfanin Popeyes ya fito da nasa, cikin mako biyu ya ƙare ƙaf a shagunansa saboda rububi.

Wanne Ya Fi?

To, mu koma ga gardamar abokaina. Gaskiya ne tsokar kaza ba ta kai naman shanu kitse ba. Amma kafin ta iso hannun mai saye an jiƙa ta da gishiri, an turbuɗa ta cikin fulawa, an tsoma ta cikin mai, an kuma shafe burodin da wani man. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Babban hambaga guda ya cinye kimanin rabin wannan, soyayyen sanwicin kaza kuwa sau da yawa ya zarce hakan. Ashe ke nan tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. Babbar tazara tana tsakanin su biyun da tukunyar gida.

Na farko, mai girki ya san abin da ya zuba. Shi ya auna gishirinsa da mansa, ya ga naman tun yana ɗanye. Curin hambaga guda kuwa yana iya ƙunsar naman shanu masu yawa da aka niƙa tare, saboda haka in cuta ta shiga, takan yi nisa. A 1993 hambagar da ba ta gasu sosai ba ta kwantar da mutum fiye da 700 a yammacin Amurka, yara 4 suka rasu.

Na biyu, girki ilmi ne da ake gado. Yarinyar da ta zauna kusa da murhu takan koyi lokacin sa kanwa a wake da yadda ake kaɗa kuka kada ta yi gudaji, ba tare da an buɗe mata littafi ba. Tsarin 1948 kuwa an gina shi ne domin a yi abinci ba tare da wanda ya iya girki ba. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta bayyana cewa a 2010 kuɗin da mutanen ƙasar suka kashe a kan abincin waje ya zarce na cefanen gida. In uwa ba ta dafa ba, wa zai koya wa 'ya?

Na uku, an ƙera hambaga ne don hannu ɗaya da baki ɗaya, ɗaya hannun yana kan sitiyari. Tukunya kuwa ba ta san adadi ba. In baƙo ya yi sallama, sai a ƙara masa cokali.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa girkin gida ba kyauta ba ne. Ana biyansa da lokaci da hayaƙi da ciwon baya, kuma mata ne ke biya, a can da nan. Matar da ta wuni a masana'anta ba ta yi laifi ba don ta saya wa 'ya'yanta abin da ya sauwaƙa. Mu ma ba baƙi ba ne ga abincin gaggawa, don kuwa ƙosai da waina da ɗanwake da tsire sun girmi White Castle nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne mai ƙosan unguwarku kun san ta, kun san gidansu, ribarta kuma a unguwar take kwana.

Wani abin lura shi ne yadda wannan ciniki ya kasance da ya iso Nijeriya. Kamfanin UAC ya buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, Chicken Republic ya biyo baya a 2004, KFC kuma a 2009. Dukansu sai da suka sa shinkafa dafa-duka cikin abin da suke sayarwa, domin mutanenmu ba su ɗauki burodi da nama a matsayin an ci abinci ba. Watau dai kanti ne ya bi tukunya.

Kammalawa

A taƙaice, hambaga da soyayyar kaza duka 'ya'yan murhu ne. Masana'anta da mota da ƙarancin lokaci su suka fitar da su daga gida, kuma abin da mai saye yake biya shi ne mintocin da bai ɓata wajen girki ba. Ban ce kada kowa ya ɗanɗana ba, ni ma nakan saya in aljihu ya yi nauyi. Amma ɗalibin da ya mai da su abincin kullum, kuɗin guzurinsa ba zai ga ƙarshen wata ba, zai kuma gama jami'a da digiri alhali bai iya dafa wa kansa shinkafa ba. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu maza da muka ɗauki madafa a kan wurin mata, ita ce kowa ya koyi girki ko da kala uku ne kafin ya bar makaranta. Abokan nan nawa biyu dai yanzu mun yi rabon kwana, ranar Talata da Alhamis su ke ɗora tukunya. Wakensu bai cika nuna ba tukuna, amma ana ci. Allah ya sa mu dace, amin.