Hura da Gyambon Ciki a Tarihin Cimar Adar

A ƙasar Adar, daga Tahoua har Keita da Bouza, gero ne cimar kaka da kakanni. Mata su surfa, su daka, su dama hura da nono. Ita ce karin kumallo, ita ce guzurin manomi a gona, da dare kuma sai tuwo da miyar kuka. Shinkafa kuwa sai da salla ko biki.

A 1975, wani likita ɗan Ingila, Frank Tovey, da Tunstall suka tattara rahotannin asibitocin Afirka kan gyambon ciki, wato olsa. Suka ga ciwon ya fi yawa a yankunan gaɓar teku masu cin rogo da doya da ayaba, ya yi ƙaranci a ƙasashen gero irin tamu. Tovey ya danganta haka da maiƙon da ke cikin hatsin da ba a tace shi fes ba, wanda a ganinsa yake kare bangon ciki.

A 1982 kuma, Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa yawancin gyambon, Helicobacter pylori, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2005. Holcombe, likitan da ya yi aiki a Maiduguri, ya rubuta a 1992 cewa akasarin mutanen can na ɗauke da ita tun ƙuruciya, amma gyambon bai kai yawan masu ita ba. Ke nan ba barkono ko yunwa ne tushen ciwon ba, sai dai mai yiwuwa cima ta zama garkuwa.

Wannan garkuwar ce muke saki. Farin 1973 da na 1984 da yunwar 2005 sun saba mana da abincin agaji da shinkafar waje. Yau yaron birni kan tafi makaranta da burodi da shayi, ko ciki wayam. In ya koka da ciwo, a sayo masa asfirin ko diklofenak wurin 'yan talla, alhali su ma suna cin bangon ciki.

Iyaye da malamai, mu mayar wa yara hurarsu ta safe, a dama da ruwa mai tsabta, domin ƙwayar ta baki take shiga. Amma hura ba ta kashe ta, kanwa ma lallashi kawai take yi. Duk yaron da zafin ciki ya daɗe masa, ko ya yi baƙin bayan gida ko aman jini, a kai shi asibiti a ranar.