Daga Zaure zuwa Kwaleji: Tarihin Horar da Malaman Arabiyya a Kano da Ma'aunin Ingancinsa

Kafin zuwan Turawa, zaure shi ne gidan horar da malamai a ƙasar Hausa. Ɗalibi yakan ɗauki littafi ya zauna gaban malaminsa, ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid, ya wuce zuwa Mukhtasar na Khalil, ya haɗa da Ajurrumiyya da Alfiyya a fannin nahawu. Tun bai sauke ba, malamin yakan ba shi ƙananan ɗalibai ya riƙa yi musu bita a gabansa, yana ji yana gyara masa. Saboda haka wanda ya ba da ilimi shi ne ya ga koyarwar, shi ne kuma ya ba da ijaza. Rauninsa shi ne rashin ƙayyadadden lokaci da ma'auni ɗaya da zai haɗa zaurukan.

A shekarar 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a ta lardunan Arewa a Kano domin horar da alƙalai, aka kawo mata malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, aikinta ya faɗaɗa har ya haɗa da yaye malaman Arabiyya da addini. A nan ne aji da jadawali da jarrabawa suka shigo wannan fage. Sai dai ba a daɗe ba aka gane cewa sanin fiƙihu daban, iya isar da shi ga yaro ɗan shekara goma daban.

Wannan giɓi ne ya sa a tsakiyar shekarun 1950 aka tura wasu ɗalibai, cikinsu har da Abubakar Mahmud Gumi, zuwa cibiyar Bakht al-Ruda a Sudan, wadda ita ma aka kafa a 1934. Abin da ya bambanta cibiyar shi ne, manhajar da ta tsara da littattafan da ta rubuta sai an gwada su a makarantun da ke jikinta, ɗalibin malanta kuma a nan yake gwajin koyarwa a gaban masu horar da shi. Wato abin da zaure ya riƙe a gargajiyance, ita ta riƙe shi a tsare.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya sauya lissafi. Buƙatar malamai ta yi yawa, aka gaggauta yaye su, yawa ya rinjayi inganci. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, da aka kafa a 1989, ta gindaya mafi ƙarancin ƙa'idoji, takardar NCE kuma ta zama matakin farko na shiga aikin koyarwa. An samu ma'auni ɗaya, amma horon ya rarrabu: sashen Arabiyya yana ba da ilmin fanni, sashen tarbiyya yana ba da dabarun koyarwa, galibi da Ingilishi, gwajin koyarwa kuma ya zama 'yan watanni da mai duba ɗalibi kan leƙa sau kaɗan.

Darasin wannan tarihi ga jami'o'in Musulunci a fili yake. Ƙirga kwasa-kwasai da duba takardun malamai ba su isa su nuna ingancin shirin horarwa ba. Abin tambaya shi ne: wanda ya koya wa ɗalibi nahawu, ya taɓa zama a bayan aji ya ji yadda yake koyar da shi? Muddin amsar a'a ce, takardar da aka miƙa masa shaida ce a kan abin da ba a gani ba, shari'a kuwa ba ta karɓar irin wannan shaida. Allah ne mafi sani.