Kafin hoto ya hau bango

Yaran yanzu kan kawo hoton da suka ɗauka da waya, su ce a buga musu mai faɗin mita biyu. In ya fito dishi-dishi, sai su ɗora wa injin laifi. Ni da na tsufa a ɗakin wankin hoto tsakanin garuruwan Kamlin da Wad Madani a ƙasar Jazira, abin yana ci mini rai.

Usta, maigidana, bai taɓa yarda a faɗaɗa hoton fili daga ƙaramin fim ba. Sai fim 120 a cikin kyamarar Yashica, a kan ƙafa uku, da sassafe kafin ƙura ta tashi. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu, in layin da sama ta haɗu da ƙasa ya ɗan karkace, a bango kowa zai gani.

A wancan lokacin, ofisoshin auduga su ne manyan masu saye. Suna son gonaki fari fat, da magudanan ruwa, da madatsar Sennar da aka gama a 1925. Mutanenmu kuwa hoton Maiurno suke nema, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903. Wani dattijo ya sa mun yi masa gaɓar kogin garin har sau biyu, ɗaya na zaurensa, ɗaya ya ba alhazai su kai wa danginsa Sakkwato.

Takarda babba ba ta zama a ƙarƙashin na'urar faɗaɗawa. Sai mu kwantar da kan na'urar, mu haska bango, mu kafe takardar Ilford da fil. Usta ya tsaya da audugar da ya ɗaure a bakin waya yana kaɗawa don kada inuwar bishiya ta yi baƙi ƙirin, sannan ya ɗauko kwali mai huda ya ƙara wa sama haske har gajimare ya fito. Ko tari ya hana, don kada na'urar ta girgiza. "Yaro, riƙe numfashinka," in ji shi.

Ruwa ma aiki ne. Maganin wankin hoto yana son digiri 20, mu kuwa zafinmu ya wuce 40, dole a sayo ƙanƙara. A watan Agusta kogi ya kawo laka daga Habasha, sai a zuba alif a randa ruwan ya kwana, a tace da ƙyalle. In habub, wato guguwar ƙura, ya taso ranar, washegari kana duƙe da siririn buroshi kana cike fararen ɗigo ɗaya bayan ɗaya.

A harkar hoto ana yawan ambaton Jadallah Jubara na Khartoum da Rashid Mahdi na Atbara, kuma sun cancanta. Amma masu wankin hoto na ƙauyuka ba wanda ya rubuta sunansu, alhali aikinsu ne ya cika bangon ofisoshin Jazira. Wanda ke son hoton mita biyu, ya fara koyon tsayar da kyamara tukuna.